Bijimin bai tsage ba

Asabar, Agege.

Ina idar da sallar asuba na zagaya bayan ɗaki in duba bijimin yumɓun da na gina shekaranjiya, gabana na faɗuwa, don na manta ban rufe shi da leda ba. Da a watan Janairu ne, da na tarar tozon ya dare, ƙaho ɗaya a ƙasa. Hunturu ba ya raga wa yumɓu: waje ya bushe, ciki da sauran danshi, sai ya tsage. Yau kuwa na danna yatsa a cinyarsa, ta ɗan lotsa. Ashe iska ta juya, ta teku ta fara shigowa.

Sai na zauna aikin raƙumi. Na daka tsingaro na tankaɗe, na cuɗa da yumɓun har kafaɗuna suka gaji, sannan na rarake cikin da cokali, in ba haka ba ranar gashi fashewa zai yi. Muna yara shanun laka muke ginawa a bakin rafi, mu soka musu ƙaya ta zama ƙaho, babu ruwanmu da wuta. Sai da na je gidan tarihi na Onikan, a nan Legas, na tsaya a gaban kawunan gasasshen yumɓu na mutanen Nok na kudancin Kaduna, masu shekara fiye da 2,000, na ga yadda aka huda idanu da hanci da baki, cikin kuma fanko. Tun daga ranar nake barin ƙofa a ƙarƙashin kowace dabba.

Sau uku wuyan raƙumin yana langaɓewa kafin in tokare shi da tsinken tsintsiya. Ɗan yayata ya leƙo ya ce, "Kawu, wannan ai jimina ce." Ban tanka ba, gaskiya ya faɗa.

Bayan la'asar na sayi agwaluma wajen wata Iya a bakin titin jirgi. Ta ce in haƙura sai ruwan farko ya sauka, sannan za ta yi zaƙi. Na ƙi ji, ga shi haƙorana sun mutu. Hadari ya haɗu ta wajen Ikeja, ya yi baƙi, ya watse ba ko ɗigo.

Na kira Inna a Kano na ba ta labari. Ta ce su kam har yanzu ƙura suke sha, sai Mayu ko Yuni in Allah ya kai mu.

Yanzu gumi nake yi a zaune. Na shigo da raƙumin ɗaki, ko da ruwan zai zo cikin dare.