Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Karnukan Gidan Kaka

A makon jiya na tsaya ne a ranar da wurin aikinmu ya tura ni wani ƙauye kusa da Skipton, a arewacin Ingila, in zauna da wata tsohuwar Baturiya da ƙafa ta fara gaza mata. Ni dai Kaka nake ce mata, har ta saba tana amsawa. Abin da ban gaya muku ba shi ne ba ita kaɗai ba ce a gidan. Akwai karnuka biyu, su ne ma suka tarbe ni tun ban sauke jaka ba.

Ƙanana ne, tsayinsu bai kai gwiwata ba, nauyin kowanne wajen kilo 8. Farare ne masu dabbaren baƙi da ruwan ƙasa, ga gemu a haɓa, ga kunnuwa sun lanƙwaso gaba, gashinsu kuwa kaushi gare shi kamar soson wanka. Irin da Turawa ke kira fox terrier ne, masu kaushin gashin. Namijin na raɗa masa Ɗan Gemu, macen kuma Ta Rigima.

Daren nan na kira Inna a Katsina. Ta yi salati ta ce, "Ke 'yar nan, kare a cikin ɗaki? To a ina za ki yi salla?" Yayana ne ya karɓi wayar ya kwantar mana da hankali. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, ya kuma ce in kiyaye ɗakina da shimfiɗar sallata. Da safe na yi wa Kaka bayani a fili. Ba ta yi musu ba. Ta sa maƙwabcinta ya kafa ɗan ƙyaure a gindin bene, sama ya zama nawa, ƙasa nasu. Har na bar gidan nan ba kare ko ɗaya da ya taka ɗakina, kuma wannan karamci nata ban manta da shi ba.

Tarihinsu a bakinta na ji shi, guntu guntu, muna shan shayi. Ta ce a shekarun 1800 mafarautan Ingila kan fita bisa dawaki da manyan karnuka suna korar dilan ƙasar, jan nan mai yawan gashin wutsiya. In dila ya shige rami sai manyan su tsaya cirko-cirko. Nan ake sakin wannan ƙaramin, ya kutsa ramin ya koro shi waje. Don haka aka zaɓi masu farin jiki, kada a ruɗe a ɗauke shi dila idan ya fito buɗu-buɗu da ƙasa. Tun 1876 masu kiwon irin suke da ƙungiyarsu. Majalisa ta haramta farautar dila da karnuka a dokar 2004, wadda ta fara aiki a 2005, amma halin da aka daɗe ana shukawa a jininsu yana nan daram. Duk wanda ya taɓa ganin karnukan mafarautanmu da rani, yadda jikinsu ke rawa in an doshi daji, zai gane abin da nake nufi.

Na gani da idona. Ta Rigima ta haƙe gindin furannin Kaka kaf, tana neman ɓera. Ɗan Gemu kuwa in ya hango kurege ko kyanwa, ko ka kira shi har muryarka ta dushe ba zai waiwayo ba. Ƙauyen nan na masu tumaki ne, ko'ina katangun dutse da makiyaya, kuma tun 1953 doka ta sa laifi ne karenka ya far wa dabbobin wani. Manomi yana iya harbe shi idan ba shi da wata hanyar ceton tumakinsa. Saboda haka igiya ba ta barin wuyansu muddin mun fita, musamman lokacin haihuwar tumaki. Safe da yamma sai na zaga da su, ko ana ruwa ko ana iska. Ranar da suka samu tafiya sosai lafiya lau za su kwanta a ƙafar Kaka. Ranar da ba su samu ba kuwa, takalmi da matashin kujera ne za su ji jiki, mai kawo wasiƙa ya sha haushi.

Abin da ya haɗa ni da su sosai shi ne gyaran gashi. Irin wannan gashi ba a aske shi da inji in ana son ya zauna yadda yake, domin aski na sa shi ya yi laushi, launin ya koɗe. Da hannu ake tsige mataccen gashin, kaɗan kaɗan, a bi yadda ya kwanta. Kaka ta yi shekaru tana yi da kanta, har ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu. Sai ta zaunar da ni kusa da ita, ta ɗora Ɗan Gemu bisa teburi. "Riƙe fatar da hagu, 'yata, ki ja da dama. Kada ki fizga. In gashin ya nuna, da kansa zai biyo ki." Na ji tsoron zan ji masa ciwo, sai na ga ya lumshe ido ya miƙa wuya. Muna cikin haka ta ba ni labarin Caesar, karen Sarkin Ingila Edward na Bakwai, irin waɗannan ne shi ma. Da sarkin ya rasu a 1910, karen ya bi bayan akwatin gawar, gaba da sarakunan Turai da suka zo jana'iza. Tana faɗa idonta ya ciko, na san mijinta take tunawa, don shi ya kawo mata Ɗan Gemu yana ɗan kwikwiyo.

Ita ce kuma ta ja mini kunne kan abinci. Albasa, zabibi, inabi da cakulan duk guba ne ga kare. Ni da ba na miya sai da albasa, ya zama ragowar tuwona sai kwandon shara mai murfi.

Ra'ayina a kan irin nan ba na ɓoye shi. Mutane na ganin gemun nan da kyan tsayuwarsu, su ji cewa a gasar karnuka ta Westminster a Amurka sun ci babbar lamba sau 15, fiye da kowane iri, sai su saya wa yara abin wasa. Zalunci ne a kulle irin wannan dabba a ɗaki wuni guda. Kare ne na aiki, yana iya kai shekara 12 zuwa 15 a raye, kuma duk tsawon shekarun nan sai an ba shi ƙafa da lokaci.

A nan matsalar ta taso. Wata Asabar 'yar Kaka ta zo daga Landan, ta tarar da uwarta da tabo a goshi, don Ta Rigima ta gifta ta gabanta a kicin ta yi tuntuɓe. Ta kira ni gefe ta ce ta riga ta yi magana da masu nema wa karnuka sabon gida, in taimaka mata mu lallashi tsohuwar. Tana da gaskiya, faɗuwa ɗaya na iya kwantar da mai shekarun Kaka har ƙarshen rayuwa. Amma ni ce nake gidan da asuba, ni na san cewa kukan karnukan nan ne ke ta da ita daga gado, don su take sa takalmi ta fito bakin ƙofa. Na ce mata ba zan iya yi wa Kaka wannan magana a bayan idonta ba, sai dai mu zauna mu uku.

Muka zauna bayan la'asar. Abin da Kaka ta faɗa wa 'yarta, da sharaɗin da ta ɗora a kaina, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.