Damina a Ader: daga Yamai zuwa Tawa da jakar magani

Motar Tawa da asuba take tashi daga Yamai, don haka a tasha muka yi sallah. Ni a Abijan aka haife ni, can nake aikin jinya, amma iyayena Aderawa ne, mutanen yankin Tawa, cikin ɗimbin waɗanda cirani ya kai bakin teku suka zauna. Da na ji wata ƙungiya na neman ƴan sa-kai masu jin Hausa don aikin damina, sai na ɗauki hutu na ba da sunana.

Tafiyar ta kai kusan kilomita 550. Muka wuce Kure ina ta leƙen taga ko Allah zai sa in ga raƙuman dawa, muka ratsa Doso da Dogonduci, aka tsaya cin abinci a Birnin Ƙonni. A Tsarnawa muka rabu da hanyar Maraɗi muka miƙi arewa. Daga nan ƙasa ta sauya kama: tuddai ne masu duwatsu, ƙarƙashinsu kwaruruka sun yi shar da hatsi da dawa. Da muka zo Badagishiri na ji ƙirjina ya cika, domin tun ina ƙarama nake jin sunan a bakin babana. Bayan la'asar muka shiga Tawa.

Aikin da aka kira mu dominsa shi ne rigakafin masassarar cizon sauro ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, Nijar ta soma shi a 2013. Kowane wata a cikin damina ana bin gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 magani iri biyu. Ranar farko a gabanka yaro zai sha, na kwana biyun da suka rage kuma a bar wa uwa. A takarda abin ba wuya.

Amma da na isa gidan likitan ƙauyen da aka tura ni, majo, wato shugaban wurin, ya zaunar da ni ya lissafo mini sauran. Duk yaron da aka ba magani sai an auna damtsensa da ɗan zaren awo mai launi uku, saboda tamowa: in ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115 ke nan, a tura shi gidan likita a ranar. Yaron da jikinsa ke zafi ba a ba shi na rigakafi, sai an tsaga yatsa an gwada, in masassara ce a ba shi maganin warkarwa. Wanda ya yi amai cikin rabin awa a sake ba shi. A duba katin allura. A tambayi mai ciki ko tana zuwa awo. A leƙa ɗaka a ga ko an ɗaura gidan sauro. Sannan da yamma a dawo a kama wa majo, domin shi kaɗai ne da unguwarzoma guda, layin marasa lafiya kuwa har bakin darni.

Abin da ban hango ba daga Abijan shi ne duk wannan a wata ɗaya yake haɗuwa da noma. Lokacin da sauro ya yi yawa, lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, lokacin ne kuma kowa ke gona. Ka je gida da hantsi ka tarar da tsohuwa da awaki kawai, uwa ta goya yaron ta tafi kai fura.

Wadda aka haɗa ni da ita dattijuwa ce ƴar garin, cikin waɗanda ake kira rele, masu aikin lafiya na sa-kai a unguwanni. Inna nake ce mata. Da ta ga jerin gidajen da na tsara bisa lamba, sai ta ce: "Ɗiyata, takardarki ba ta san inda mutane suke ba. Ki biyo ni."

Muka fara fita tun sanyin safiya, mu tari mata wurin daka kafin su watse. Da rana ta take mu bi hanyar gona, ƙarƙashin gawo ko adua inda ake kwantar da yara. Da marece sai bakin rijiya. Inna ba ta yin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Tana jiƙa ƙwaya a cokali tana tambayar uwa yaushe ta ga wata, hannunta guda kuma ya riga ya kai ga damtsen yaron. Ta san gidan da maigida ba ya yarda sai an fara gaishe shi ta bakin maigari, ta san matar da za ta ɓoye maganin gobe da jibi don ta ajiye wa ranar da yaro ya kwanta. Irin wannan sai mun koma washegari yaron ya sha shi a gabanmu. Ita kanta Inna tana da gonar gujiya da jikoki a gabanta, kuma ɗan kuɗin da ake ba su na kwanakin aiki bai taka kara ya karya ba, ga shi ba ya zuwa da wuri.

Abin da ya fi cin raina takardu ne. Na rigakafi daban, na tamowa daban, na ƙungiyar da ta kawo ni daban, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ne. Bayan isha nake zama da fitilar salula ina kwafar suna ɗaya sau uku, alhali da wannan lokacin zan iya kama wa unguwarzoma. Ban ce lissafi ba shi da amfani ba, da shi ake sanin yawan maganin da za a aiko wata mai zuwa. Sai dai waɗanda ke tsara takardun a ofis ya kamata su zauna wuri ɗaya su maishe su guda.

Wani dattijo a fadar maigari ya ba ni labarin Amurkawa ƴan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps da suka taɓa zama a yankin kafin a kwashe su daga Nijar a 2011. Ya yaba musu ƙwarai, ya ce sun ji Hausa, sun sha fura. Sannan ya dube ni ya ce: "Ke ma, likita, hutunki na ƙarewa za ki tafi." Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Daga ranar na daina ƙoƙarin riƙe komai a hannuna. Na koya wa wasu iyaye mata awon damtse da kansu, na bar musu zaren, na kuma zauna da wata budurwa mai ilimin boko har ta iya cika takardun ba tare da ni ba.

Ranar komawata Tawa an yi ruwa da dare, korama ta cika, sai da muka jira ta janye. A bayan motar akwai wata uwa da ɗanta wanda awonsa ya faɗa ja, ƙafafunsa sun kumbura, ya daina cin abinci, dole sai babban asibiti. Tun 2006 kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a doka, amma kuɗin mota da wanda zai tsare gona su ne suka hana ta tasowa da wuri. Sai da na ga an ba su gado, sannan na wuce ofishin lafiya na miƙa rahoto, na kuma rubuta a ƙasansa cewa a biya su Inna haƙƙinsu kafin zagaye na gaba.