Corolla tana mutuwa a rompuwan bayan gyaran kulas: inda na tsaya

Ƴan'uwa masu koyo, ga inda aiki ya kai a kan Corollar nan mai injin 1ZZ-FE, lita 1.8, wadda aka canza wa juwan kulas, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin (kulas) da gangar jikinsa. Injin ya daina zafi, amma sai ga sabon ciwo: tana tafiya lafiya lau, da an rage gudu a rompuwan ko an tashi daga tsayuwa sai ta shaƙe ta mutu. Wani lokaci kuma a yini ana yawo cikin Yamai ba ta yi ko tari ba.

Na jona baliz, na'urar karanta laifin mota, a fish ɗin OBD, wato mahaɗar kwamfutar mota mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin tablo. Lambobi biyu suka fito: P0171, wato iska ta fi esansi yawa, da P0102, wato saƙon debimetar, ma'aunin iskar da ke shiga injin, ya faɗi ƙasa. Nan take mai motar ya ce a je Katako a nemo wani debimetar. Maigidana ya ce, "Alhaji, a dakata tukuna, kafin a buɗe injin nan lafiyarsa ƙalau." Gaskiyarsa. Lamba tana faɗin abin da kwamfutar mota ta gani ne, ba ta faɗin wanda ya jawo shi. Bayan babban gyara, wurin da hannu ya taɓa shi ake fara tuhuma.

Debimetar siririyar waya ce mai zafi a cikin bututun iska, bayan filtar. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kwamfuta kuma ta auna esansi daidai da hakan. Duk iskar da ta shiga ta bayansa ba a ƙirga ta ba, kamar baƙon da ya zo biki bayan an gama rabon tuwo.

Abin da ya fi amfanata shi ne duba gyaran esansi da baliz ke nunawa cikin kaso. Idan ya haura +10 a ralanti, ya sauko da an kai injin juyi 2500 a minti, iska ce ke satar hanya bayan papiyon, ƙofar iskar da ke buɗewa in an taka wuta, galibi juwan bututun shiga ko ƙaramin dirit, wato tiyon roba, da aka manta. Idan kuwa yana hawa ne sa'ad da aka taka wuta, ku zargi ƙura a kan wayar. Da hunturu kam ba abin mamaki ba ne a garin nan. Tamu ba ta bi ko ɗaya ba. A tsaye komai daidai, iska wajen giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Sai da na taka birki na sa giya, injin ya ɗan karkata, kason gyaran esansin ya yi tsalle.

Na cire babban dirit ɗin da ke tsakanin debimetar da papiyon, na lanƙwasa shi a rana. Tsaga ce a cikin ninkin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Robar ta tsufa, an kuma ja ta da ƙarfi wajen kwance kulas. Injin na tsaye bakin tsagar a rufe yake, ya motsa ta buɗe.

P0102 kuma daga fish ɗin debimetar ne. Maƙallinsa ya karye, ina girgiza wayar ina ganin adadin iskar yana faɗuwa. Na matse shi, na kuma kankare wayar mas, mai mayar da wuta bateri, da ke jikin kulas don an ɗaure ta a kan datti. Debimetar ɗin feshinsa na musamman kawai na yi masa. Don Allah kar ku goge wayar da tsumma ko buroshi.

An sa sabon dirit, an goge lambobi. Ban ce ta warke ba tukuna, domin P0171 ba ya kunna fitilar tablo sai kwamfuta ta ga laifin a tafiya biyu a jere. Saura wanke papiyon, sannan a bar injin ya ɗumama ya sake koyon ralanti, tunda an cire bateri. Mai motar zai dawo da ita ranar Asabar in sake duba kason.