Warin ruɓaɓɓen ƙwai a cikin laka

Yau a ɗakin gwaje-gwaje na tsaga wata laka da aka ɗebo daga inda kogi ke shiga teku. Samanta ja-ja, amma daga zurfin ɗan yatsa ɗaya zuwa ƙasa sai ta koma baƙa ƙirin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancina. Na daɗe riƙe da ita. Wannan warin aikin bakteriya ne: iskar oksijin ta ƙare a can ciki, sai suka koma amfani da salfet ɗin ruwan teku, wani gishiri mai ɗauke da farar wuta, suna cin ragowar ganyaye da gansakuka. Salfaid, wato iskar mai wari da suke fitarwa, shi ke haɗuwa da ƙarfen da ke cikin lakar ya baƙanta ta.

Wadda aka ɗebo daga can sama, wajen ruwan daɗi, ba ta da wannan warin sosai, don salfet kaɗan ne a wurin, sai dai ƙananan kumfa na iskar metan, gas ɗin da ruɓewa ke fitarwa. Har na tsinci wani guntun ganye a cikin baƙar lakar, jijiyoyinsa ba su ruɓe ba, lignin, sinadarin da ke sa itace tauri, ya riƙe su. Tun ɗazu nake tunanin bishiyar da ya faɗo daga kanta, da irin nisan da ruwa ya kawo shi.