Babbar fistol da ƙarama, wacce ta fi zama a hannu?

Duk wanda ya shiga shagon bindiga a nan Texas tare da matarsa ko ƙanwarsa ya san abin da zan faɗa, kafin ma a gama gaisawa mai shagon zai zaro wata 'yar mitsitsiyar fistol ya ce wannan ce daidai hannun mata. Abin nan yana damuna gaskiya, saboda na riƙe manya na riƙe ƙanana na harba su, kuma abin da na gani da idona shi ne ƙaramar ce mai wuyar sha'ani, kuma ita ake miƙa wa wanda bai taɓa harbi ba.

Ni aikin gadi da makami nake yi a Houston, da lasisin hukumar tsaron jihar, fistol ƙirar Glock 17 ce a ƙuguna duk lokacin aiki. A gida Najeriya yawancinmu ba mu taɓa ko taɓa fistol ba tunda dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin haramtattun makamai, sai dai mu hango ta a ƙugun ɗan sanda ko soja. Nan kuwa tun watan Satumbar 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi mallaka ba zai iya ɗaukar ta ko babu lasisi, to shi ya sa 'yan uwanmu da yawa da ke nan suke tambayata wacce za su saya, kuma kusan kowa da ƙarama yake farawa wai ta fi sauƙi.

Abin da ya sa na zauna na gwada su ɗaya bayan ɗaya shi ne maman yara, tana rufe shago da dare ita kaɗai, ta ce tana so ta koya. Muka riƙa zuwa filin koyon harbi inda ake ba da hayar bindigogi, ka biya ka ɗauki wadda kake so ka sayi harsashinsu ka gwada, ni in harba ita ta harba mu kwatanta takardun da muka yi saiti muka harba.

Abu na farko da ya fito fili, mariƙin fistol ba awo ɗaya gare shi ba. Akwai tsawonsa daga sama zuwa ƙasa, akwai kaurinsa wato yadda yatsu za su zagaye shi, sannan akwai nisan da ke tsakanin bayan mariƙin da kunama. Mutane in sun ce ƙarama duk sai su haɗa ukun su zata tare suke raguwa, alhali ba haka ba ne ko kaɗan. Ɗauki gidan Glock kawai. Glock 17 da ta fito a 1982 tsayinta daga sama zuwa ƙasa kimanin milimita 139 ne tana cin harsashi 17, Glock 19 ta 1988 kimanin 128 da harsashi 15, sai Glock 26 ta 1995 kimanin 106 da harsashi 10. Amma fa kaurin mariƙinsu kusan ɗaya ne, saboda duk ukun gidan harsashi mai layi biyu suke amfani da shi, har ma gidan harsashin 17 yana shiga 19 da 26 ya yi aiki lafiya lau. Ke nan mai ƙaramin hannu in ya bar 17 ya koma 26 bai rage komai daga matsalarsa ba, kaurin na nan, nisan kunama na nan, sai ma ya ƙara rasa inda zai ɗora ƙaramin yatsa.

Maganar ƙaramin yatsan nan kada a raina ta. Da na riƙe 26, yatsu biyu ne kawai suka samu wuri a ƙarƙashin zoben kunama, ƙaramin ya zame ya lanƙwashe a ƙarƙashin gidan harsashi ba ya riƙe komai. Da na harba sai bakin bindigar ya ɗaga sama fiye da yadda na saba, don shi ƙaramin yatsa shi ne a can ƙasan mariƙi, shi ke da ƙarfin danne bakin ya dawo kan saiti. Harbin farko yana zuwa daidai, na biyu ne ke jinkiri, sai ka ga kana sake gyara riƙo bayan kowane harbi biyu ko uku. A 17 kuwa hannuna duka na zaune har da ɗan saura a ƙasa, bakin ya ɗaga ya sauko inda ya tashi ba sai na neme shi ba. 19 tana tsakiya, ƙaramin yatsana yana samun wuri amma a bakin gaɓa, wanda hannunsa ya fi nawa faɗi zai ji rabinsa a waje.

Sai muka zo kan siraran, irin Glock 43 ta 2015 mai layi ɗaya da harsashi 6, ita ce ma mai shago ya fara miƙo mana. A shago kam daɗi gare ta, yatsun maman yara sun zagaye ta tsaf, manuninta ya kai kunama ba tare da miƙewa ba, har ta ce ai shi ke nan an samu. A filin harbi labari ya canja. Nauyinta bai wuce kimanin giram 500 ba, 17 kuma tana kai kimanin 700, harsashin kuwa iri ɗaya ne mai milimita 9, to ƙarfin da ke tunkuɗo bindiga baya ɗaya ne amma babu nauyin da zai shanye shi, kuma duk yana taruwa a siririn wuri a tsakanin babban yatsa da manuni. Ba ta gama gidan harsashi na biyu ba ta ajiye, ta buɗe tafin hannunta ta nuna min wurin ya yi ja, ta ce "Maigida, wannan ai dukana take yi." Kuma na lura tun kafin ta ja kunama ta fara runtse ido tana danna bakin ƙasa don tana jiran zafin, harsasan duk suna sauka ƙasa ta hagu. Wannan ɗabi'ar in ta shiga jikin sabon mai koyo fitar da ita aiki ne babba, shi ya sa nake jin haushin masu miƙa wa mutane irin wannan a ranar farko.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, hannun hagu. Fistol da hannu biyu ake riƙe ta, kuma hannun da ke tallafawa yana bukatar fili a gefen mariƙi inda tudun tafinsa zai manne da jikin bindigar kanta. A siririyar ƙarama yatsun damana suna zagayowa har su kusa taɓa tafin hannuna, babu sauran fili, sai hagun ya zama yana riƙe da yatsun dama ne kawai ba bindiga ba, da an harba ya zame. Sannan jan sashen sama baya don ɗora harsashi ya fi tauri a ƙananan, sifirin ɗinsu ya fi ƙarfi kuma wurin kamawar ɗan kaɗan ne, maman yara ta ja na 17 cikin sauƙi amma na 43 sai da ta yi da gaske.

To amma 17 ɗin ma ba ta zauna mata ba, ta wani ɓangaren daban. Tunkuɗar ba ta dame ta ba ko kaɗan, matsalar manuninta ba ya kai kunama sosai, sai ta riƙa murɗa hannunta gefe don ya kai, da ta yi haka bayan mariƙin ya bar tsakiyar hannunta ya koma kan gaɓar babban yatsa, bindigar ba ta kan layi ɗaya da damtsenta kuma. Wanda ya taɓa noma da fartanyar da ƙotarta ta fi ƙarfin hannunsa ya san yadda abin yake, aikin zai yiwu amma wuyan hannu ne zai biya.

Wadda ta raba gardamar ita ce Glock 48, ita da 43X suka fito a 2019, mariƙinsu siriri kamar na 43 amma dogo har ƙaramin yatsa ya samu wuri, harsashi 10. Nan ne na ga takardarta ta canja, ramukan suka taru wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu, ta gama akwatin harsashi ba ta yi ƙorafi ba. Ashe ita kauri take bukatar a rage mata, tsawon kuma a bar mata shi.

Su kansu kamfanonin ai sun gane wannan tuntuni. Walther P99 ta zo da bayan mariƙi da ake cirewa a canja tun 1997, Glock ta bi sahu a zubi na huɗu na ƙirar fistol ɗinta a 2010, ita kuwa HK VP9 har gefunan ake canjawa, bayan mariƙi iri uku da gefunansu, ana iya haɗa su hanya 27. Na gwada VP9 ɗin kuma wallahi a riƙo ban ji wadda ta kai ta zama a hannuna ba. Sojojin Amurka ma sun yi shekaru tun 1985 da Beretta M9 wadda masu ƙananan hannu suka daɗe suna kuka da kaurinta, da suka tashi canjawa a 2017 suka ɗauki SIG P320 wadda ake cire mariƙin gaba ɗaya a sa ƙarami ko matsakaici ko babba. Sannan akwai tudun nan na raba yatsu da Glock ta sa a gaban mariƙi a zubi na uku, in yatsunka sun dace da shi daɗi, in ba su dace ba yatsa yana hawa kan tudun ne maimakon cikin kwarin, a 19 an matse su fiye da na 17 don wurin ya ragu, ni kam a 19 zubi na uku yatsana na tsakiya ciwo yake. A zubi na biyar a 2017 suka cire su gaba ɗaya kuma na ga sun kyauta.

Karkatar mariƙi ma tana da nata, na Glock ya fi kwanciya baya, ana cewa digiri 22, na tsohuwar fistol ɗin da ake kira 1911 da masu bin salonta kuma 18. Gwajin da nake sa mutane su yi, bayan an cire gidan harsashi an buɗe an duba da ido an tabbatar babu komai a ciki, kuma bakin na fuskantar inda ba kowa, ka rufe ido ka ɗaga ta kamar za ka yi saiti sannan ka buɗe. In bakin na kallon sama ko ƙasa to wuyan hannunka bai saba da wannan karkatar ba. Wannan dai sabo ne, atisaye na gyara shi, ba kamar kauri ba da babu atisayen da zai ƙara maka tsawon yatsa.

Kar a ce na kushe ƙananan gaba ɗaya, suna da dalilinsu. Wajen ɓoyewa a ƙarƙashin riga ba tsawon baki ne ke tona asiri ba, shi yana cikin wando, gindin mariƙin ne ke turo riga in ka sunkuya. 17 a ƙarƙashin 'yar shat ba ta ɓoyuwa a jikina ko na yi yaya, milimita 11 ɗin nan da 19 ta rage su ne bambancin. In na sa kaftani kam duk wadda na ɗauka ba a gani, sai dai kai hannu gare ta ya fi nisa. Ga kuma zafin Houston da gumi, mariƙi mai kaushi irin na fistol ƙirar M&P 2.0 yana kama jiƙaƙƙen hannu sosai a filin harbi, amma ka wuni da shi manne da fatar cikinka ka ji yadda yake gurza, dole ka sa singileti a ciki. Gajeren mariƙi kuma yana da wata mugunta wajen canja gidan harsashi, tudun tafin hannu yana leƙowa ƙasa, ko ya hana tsohon faɗowa ko sabon ya matse maka fata in ka buga shi da ƙarfi, na ga wani a gefena da jini ya taru masa a wurin.

Yanzu dai a wurin aiki ina nan da 17 tunda a fili take a kube ba ruwana da ɓoyewa, in na tashi aiki 19 zubi na biyar, maman yara kuma 48, dukansu in muna gida suna cikin akwatin ƙarfe a kulle saboda yara. Wani ɗan uwa ɗan Zinder da ke tuƙin babbar mota ya kira ni kwanan nan wai ya ga P365 a shago, 'yar ƙarama mai cin harsashi 10, ta burge shi zai biya. Na ce masa Malam kar ka biya tukuna, mutumin da hannunsa ya kusa ninka nawa, mu haɗu ranar Asabar ka yi hayarta ka yi hayar 19 ka harba akwati ɗaya ɗaya, kuɗin hayar ni zan biya.