Na je Kigoma na ga jirgin da Jamusawa suka nutsar da hannunsu

Jirgin ƙasa daga Darussalam zuwa Kigoma a Tanzaniya kam a bar maganar, har yanzu bayana bai dawo daidai ba. Amma ina sauka na hango Tafkin Tanganyika sai gajiyar ta gudu, ruwa shuɗi fes har iya ganinka, ni da nake cika baki da dam ɗin Tiga sai na yi tsit.

Tsohon jirgin ruwan da ake kira Liemba na je gani. Jamusawa ne suka ƙera shi a 1913, suka kwance shi suka zuba a akwatuna suka kawo Kigoma suka sake haɗawa, lokacin sunansa Graf von Götzen. Mai kwale-kwalen da zai zagaya da ni yana jin Suwahilina na kame-kame ya tsuga kuɗi, na juya zan tafi ya biyo ni da rabi, ashe halin ko'ina ɗaya ne. Da muka matso ka ga fenti kan fenti, tsatsa na bin gefen ƙusoshi, amma dattijon yana nan kan ruwa abinsa.

A yaƙin duniya na farko Jamus ce ke iko da tafkin. Sai Ingila ta ɗauko wasu ƴan jirage biyu masu inji, Mimi da Toutou, tun daga Landan ta ruwa har Afirka ta Kudu, jirgin ƙasa zuwa Kongo, daga nan shanu da taraktocin tururi suka ja su cikin daji da tsaunuka, wallahi taurin kai sai Bature. Ranar 26 ga Disamba 1915 suka kame jirgin Jamusawa Kingani, a Fabrairun 1916 suka nutsar da wani jirgin nasu, Hedwig von Wissmann. Kwamandan ƴan Ingilan Spicer-Simson siket ma yake ɗaurawa, kuma duk kurinsa bai tunkari Götzen ba. Jamusawan da kansu suka nutsar da shi a Yulin 1916 da sojojin Beljiyam suka matso, amma sai da suka shafe injinansa da giris. Aka tsamo shi a 1924, ya koma aiki a 1927.

A garin Ujiji da ke kusa da Kigoma wani dattijo da muka yi Azahar tare ya ja ni gidansa, soyayyen kifi migebuka da tuwon masararsu ugali, na miƙa kuɗi ya ɓata rai. Dawowa dai jirgin sama na hau, aljihu ya ji jiki.