Yadda ake ƙiyasta mamatan da babu sunansu a kowane kundi

A Peru, hukumar bin diddigin gaskiya da sasantawa ta tattara sunayen mamata da ɓatattu kusan 24,000 daga rikicin 1980 zuwa 2000, amma a rahotonta na 2003 ta ƙiyasta 69,280. Daga ina sauran suka fito?

Dabarar ita ce gwama kundaye. A ce ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta rubuta mutum 200, coci ya rubuta 150, aka tarar 50 suna cikin duka biyun. Sai a ninka 200 sau 150, a raba da 50, a samu 600, wato ƙiyasin jimillar mamatan. An san 300 ke nan (200 da 150, a cire 50 da suka maimaitu), 300 kuma ba wanda ya rubuta su.

Inda gizo ke saƙa shi ne, lissafin ya ɗauka kundayen ba su da alaƙa. In dangin da suka kai rahoto wuri guda su ne suka sake kaiwa ɗayan, masu maimaituwa za su yi yawa, ƙiyasin ya gaza ainihin adadin. Shi ya sa ake son kundi uku ko fiye, a kuma yi lissafin yanki-yanki, don mutuwar birni ta fi ta ƙauye shiga takarda.

Aikin da ya fi cin rai daidaita sunaye ne. Harafi ɗaya ya sauya, mutum guda ya zama biyu, adadin ya kumbura.